Kundin aikin tantance gwajin mantuwa da na ciwon damuwa a bakin tsofaffinmu

Litinin, 13 ga Janairu

An tsayar da ma'aunai biyu da za a mayar Hausa a tantance: GDS-15 don ciwon damuwa, da gwajin IDEA don cutar mantuwa, wadda a gida ake ce wa gigin tsufa. Za a haɗa musu da tambayoyin da ake yi wa wanda ke zaune da tsohon, bisa tsarin CSI-D, wani gwajin gano cutar mantuwa a cikin al'umma.

GDS aikin Yesavage ne da abokan aikinsa a Amurka a farkon shekarun 1980, mai tambaya 30, aka taƙaita shi zuwa 15 a 1986. Amsarsa e ko a'a ce, kan mako guda da ya wuce, kuma ba ya tambayar barci ko cin abinci, waɗanda tsufa da ciwon jiki kan taɓa ko babu damuwa. An ajiye PHQ-9, wani gwajin ciwon damuwa, a gefe ne saboda amsarsa hawa huɗu ce, kuma tsohuwa mai ciwon gwiwa da hawan jini za ta tara maki a tambayoyin gajiya da barci alhali ranta fari ƙal.

A gwaje-gwajen mantuwa, MMSE na Folstein na 1975 shi aka fi sani a asibitocinmu, sai dai yana neman mutum ya karanta umarni, ya rubuta jimla, ya kwaikwayi zane da biro, ya riƙa cire 7 daga 100. Wanda bai taɓa zaman aji ba zai zubar da maki tun kafin a taɓa ƙwaƙwalwarsa. Ga shi kuma yana da haƙƙin mallaka. IDEA kuwa a gundumar Hai ta Tanzaniya aka gina shi don mutanen da ba su yi makaranta ba, an kuma gwada shi a Najeriya. Abu shida ne, maki 15, babu biro babu takarda. CSI-D ma ba baƙo ba ne a ƙasar nan, da shi aka yi binciken cutar mantuwa na Ibadan da Indianapolis ta Amurka tun farkon shekarun 1990. To amma da Yarabanci aka yi wannan, kuma abin da ya zauna a Ibadan sai an sake auna shi a Kano.

Alhamis, 23 ga Janairu

Masu fassara biyu sun miƙo aikinsu, ba wanda ya ga na ɗan'uwansa: ɗaya ma'aikaciyar jinya ce ta sashen ƙwaƙwalwa, ɗaya malamin Hausa wanda ba ruwansa da asibiti. Haka tsarin fassara ma'aunai na Beaton na shekarar 2000 ya tanada, domin na farko ya kare ma'anar likitanci, na biyu ya kare kunnen mai sauraro. An haɗe su wuri guda, za a ba wasu mutum biyu da ba su taɓa ganin asalin ba su mayar Turanci.

Takarda ɗaya ba za ta yi ba. Hausa na rarrabe "ka" da "ki", kuma mai tambayar da ke juya kowace jimla a kansa zai yi tuntuɓe ko ya canza kalma. Za a buga ta maza daban, ta mata daban, kowace da launinta, a buɗe da "Baba" ko "Iya".

Talata, 4 ga Fabrairu

Kwamiti ya zauna kan GDS-15, aka shafe yini. Fassarar da aka mayar Turanci ta dawo kusan daidai da asali, kuma a nan haɗarin yake, domin jimla na iya zuwa ta dawo lafiya lau alhali ba mai faɗinta a gari. Tambaya ta 3 ce misali. An rubuta "Kina jin rayuwarki fanko ce?", ta koma Turanci tsaf, amma fanko na ashana ne ko na kwali. An mayar da ita "Kina jin kamar rayuwarki ba wani abu a cikinta yanzu?"

Tambaya ta 1, ta gamsuwa da rayuwa, ta fi kowace wuya. Ka tambayi dattijuwar da ta wuni tana share hawaye ko ta gamsu da rayuwarta, za ta ce Alhamdulillahi, kuma da gaske take, domin a kunnenta tambayar godiyar Allah ce. Mai tambaya sai ya rubuta "e", alamar ciwo ta wuce. Abin da aka tsayar shi ne a raba mata abubuwan biyu: "Iya, godiya ga Allah ta zama dole ga kowa. Bayan wannan, a cikin ranki, kina jin daɗin zaman da kike yi?" Idan aka sake cewa Alhamdulillahi, a maimaita sau ɗaya, in ba a samu e ko a'a ba a rubuta "ba amsa". Kada mai tambaya ya yi mata zaɓi.

Ta 14 ma haka. "Yanke ƙauna" ita ce fassarar ƙamus, amma duk Musulmin da ya je makarantar allo ya san yanke ƙauna daga rahamar Allah haramun ne, ba zai amsa da e ba ko da abin duniya ya ishe shi. An sa "Kana ganin halin da kake ciki ba zai gyaru ba?"

A ta 12 an yi jayayya. "Kina jin ba ki da amfani?" ta yi kama da zagi daga bakin yarinya sa'ar jikarta. Wasu sun so a ce "kin zama nauyi a kan mutane", kuma lallai haka tsofaffi ke faɗa, amma jin zama nauyi daban, jin rashin daraja daban: mai shanyewar ɓarin jiki na iya jin na farko ba tare da na biyu ba. An bar ta a "Kina jin kamar ba ki da wata daraja yanzu?", za a ji yadda za ta sauka.

Ta 9 tana tambayar ko mutum ya fi son zaman gida da fita. Matar da ta yi shekara 40 a kulle, ko wadda take cikin takaba, zaman gida ba ya nuna komai game da ranta. An ƙara "fiye da yadda kika saba", aka kuma ambaci biki, suna da gaisuwa. Wannan ƙari ya ɗan kauce daga asali, an rubuta shi a takardar canje-canje da dalilinsa. Ta 15, ko yawancin mutane sun fi ka, ana zargin za a ji ta a matsayin tambayar dukiya, ko ma a ƙi amsawa don gudun hassada. An bar ta yadda take har lissafi ya nuna halinta.

A tuna wa masu ba da maki: a tambaya ta 1, 5, 7, 11 da 13, "a'a" ce ke cin maki, sauran goma "e". An saka wa waɗannan biyar akwati mai duhu a takarda, domin nan aka fi yin kuskuren tarawa.

Laraba, 12 ga Fabrairu

IDEA. Tambayar farko a Hausa tana da tarko: "Mece ce gada?" A rubuce gadar kan kogi da gadar daji ɗaya suke, karin sauti ne ya raba su. Mai tambayar da ya karkata murya zai ji ana yi masa bayanin naman daji, ya ba da sifili, alhali tsohon ya amsa abin da aka tambaye shi. Ba za a ce "gadar da ake tsallakawa" ba, wannan ba da amsa ne. An naɗi muryar jimlar, kowane mai tambaya ya maimaita har ta zauna, kuma idan aka kawo dabbar, a ce "ɗayar fa?" ba tare da rage maki ba.

Jerin kalmomi goma ya zo daga wanda ƙungiyar 10/66, ta masu binciken cutar mantuwa, ke amfani da shi: man shanu, hannu, wasiƙa, sarauniya, tikiti, ciyawa, kusurwa, dutse, littafi, sanda. Uku daga ciki, wasiƙa da tikiti da littafi, duk takarda ne a bakin wanda ba ya karatu. In ya ce "takarda", wacce ya tuna? Man shanu kalma biyu ce, ana iya dawo da "mai" kaɗai ko "shanu" kaɗai. An maye su da abubuwan da kowa ya sani, masu gaɓa biyu ko uku, waɗanda ba dangin juna ba kuma ba su yi amo ɗaya ba. Jerin gwaji yanzu: gishiri, hannu, tsani, sarki, madubi, ciyawa, rijiya, dutse, allura, sanda. A karanta sau uku, kalma ɗaya duk bayan kamar daƙiƙa biyu, murya ɗaya, ba a jan ta ƙarshe.

Lissafo dabbobi cikin minti ɗaya: huɗu zuwa bakwai maki 1, takwas zuwa sama maki 2. Hausa na ba namiji da mace da ɗa suna daban, don haka makiyayi zai ce sa, saniya, maraƙi, bijimi, rago, tunkiya, akuya, bunsuru, ya kai takwas bai bar garke ba. Doka: jinsi ɗaya a ƙirga shi sau ɗaya, amma a rubuta duk abin da aka faɗa a jere, domin daga baya a lissafa ta hanya biyu a ga wadda ta fi dacewa da hukuncin likita. Mutane da yawa kuma ba sa sa kaza da zabo cikin "dabbobi", shi ya sa umarnin ya koma "dabbobi da tsuntsaye, na gida da na daji".

Tambayar shugaban gari an tsayar da ita kan mai unguwa ko dagaci, kuma dole a samo sunan da laƙabinsa kafin a shiga unguwa, har da na wanda ya gabace shi in bai daɗe da rasuwa ba. Ranar mako ba ta da matsala, Juma'a da ranar kasuwa sun riƙe ta. A tambayoyin CSI-D na wata da yanayi, ana karɓar watan Musulunci da sunansa na gida, kamar watan Azumin Tsofaffi ko na Cika-ciki, da damina, kaka, hunturu, bazara.

Talata, 25 ga Fabrairu

An kammala zagayen gwaji na mutum 30, mafi ƙarancin abin da tsarin ya nema. Ba maki ake nema a nan ba. Bayan kowace tambaya ana cewa, "Baba, in kai ne za ka yi wa wani wannan tambayar, yaya za ka faɗe ta?" Daga nan ake gane abin da ya shiga kunne.

Sabuwar tambaya ta 1 ta GDS ta sauka da kyau. Ta 4 ba ta sauka ba: "gundura" an fi jin ta game da abinci ko mutum, an koma "Zaman shiru yana yawan isar ka?" Kalmomin da suka yi ta fitowa da kansu, ba a cikin takarda ba, su ne tunani ya yi yawa, zuciya ta yi nauyi, jiki ya mutu, abu ya tokare a ƙirji. An buɗe musu shafi daban, za a yi tambayoyi huɗu a kansu bayan GDS, ba za su shiga makin 15 ba, amma za a duba ko sun fi wasu tambayoyin asali kama ciwon.

Gwajin ashana ya nuna abin da ba na harshe ba. Ana jera tsinke huɗu a wani fasali, a kwashe, a ce mutum ya maimaita, har da inda kawunan suka fuskanta. A ɗaki mai duhu, kan tabarma mai launi, mai yanar ido ba ya ganin kan ashana. Yanzu kowane mai tambaya na ɗauke da farin faranti da manyan ashana, a yi a inuwar tsakar gida ko bakin zaure. Kafin a fara komai a duba gani da ƙirga yatsu, a duba ji da magana ƙasa-ƙasa ta bayan kunne. Kurma-kurma kan ce e ga kowace tambaya don kada ya wahalar da baƙo.

Sai taron gida. Jika na raɗa wa kaka ranar mako, suruka na tsaye a bakin ƙofa ana tambayar Iya ko tana jin daɗin zaman gidan. An ƙara mutum na biyu a kowace tawaga, aikinsa ya ja iyali gefe ya yi musu tambayoyin mai kula a daidai wannan lokaci. Mace ce ke tambayar mace.

Za a dakata da shiga gidaje har bayan Ƙaramar Sallah. Ƙishirwa, tashin sahur da tsayuwar dare na taɓa natsuwa da kuzari, kuma makin da aka tara a cikin azumi ba zai gwadu da na bayansa ba.

Talata, 8 ga Afrilu

An yi amfani da hutun wajen lissafin adadi da takardun izini. Idan ana sa ran gwajin ya kama kashi 85 cikin 100 na masu cutar, da kuskuren da bai wuce kashi 10 cikin 100 sama ko ƙasa ba, ana buƙatar masu cutar 49. Idan aka ƙaddara ɗaya cikin biyar na waɗanda za a gani na da ita, jimillar ta kama 245. Wannan ɗaya cikin biyar ƙiyasin tsari ne, kuma ba za a same shi a unguwa ba, inda cutar mantuwa ta fi haka ƙaranci nesa. Saboda haka za a ɗebi mutane ta ƙofa biyu, asibitin tsofaffi masu zuwa su koma da kuma gidaje, a ba da rahoton kowace daban. Abin da aka guje wa shi ne haɗa masu gigi tuburan da masu lafiya garau kaɗai. Kowane gwaji zai yi kyau a haka, alhali aikinsa na gaske yana kan waɗanda ke tsakiya.

Shekaru: 60 zuwa sama, kuma yawanci ba takardar haihuwa. An shirya jadawalin abubuwan da aka sani: zuwan Sarauniyar Ingila a 1956, 'yancin kai a 1960, naɗin Sarki Ado Bayero a 1963, rasuwar Sardauna a Janairun 1966, yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970, canjin hannun tuƙi a 1972, shigowar naira a 1973, rikicin Maitatsine a Disambar 1980. Ga mata ana haɗawa da aure da haihuwar fari: wadda ta riga ta yi aure lokacin da aka daina fam da sule ta shige 60 ba shakka.

Layin ilimi an faɗaɗa shi. "Shekara nawa a makaranta" kaɗai zai jefa mahaddacin Alƙur'ani mai rubuta ajami cikin rukuni ɗaya da wanda bai taɓa riƙe allo ba, kuma a gwajin tuna kalmomi waɗannan biyun ba ɗaya ba ne. Yanzu ana rubuta boko, allo, islamiyya, yaƙi da jahilci, da ko yana iya karanta boko ko ajami.

Takardar izini ana karanta ta da baki, a dangwala yatsa a gaban shaidar da ba ɗan tawaga ba. Wanda hankalinsa bai kai ya ba da izini ba, makusancinsa ya sa hannu, amma in shi kansa ya nuna ba ya so, an bar shi.

Talata, 22 ga Afrilu

An fara babban zagaye. Ma'aunin da za a gwada komai da shi hukuncin likitan ƙwaƙwalwa ne bisa DSM-5, littafin ƙa'idojin gano cututtukan ƙwaƙwalwa, kuma sharuɗɗa biyu ba sa taɓuwa. Likita ba ya ganin makin gwaji: takardun na shiga ambulan a manne, lamba ce a kai ba suna ba. Kuma kowa zai ga likita, mai maki da yawa da mai kaɗan. In masu faɗuwa kaɗai aka tura, ba za a taɓa sanin waɗanda gwajin ya bari suka wuce ba. Tazarar ba ta wuce kwana bakwai, tunda GDS mako guda yake tambaya.

Likita na fara cire ruɗewar farat ɗaya, wadda zazzaɓi, ciwon fitsari, faɗuwar sukari ko wani magani ke kawowa, a zafin nan ma har da ƙarancin ruwa a jiki. Alamarta ta fara cikin kwanaki, tana hawa tana sauka, hankali ba ya tsayawa wuri ɗaya. Irin wannan a yi masa magani, a sake gwaji bayan ya warware. Ciwon damuwa ma na rage makin IDEA: mai shi kan ce "ban sani ba" tun bai gwada ba, mai gigi kuwa ya fi yin ƙoƙari ya kawo amsar da ba ita ba, ko ya juya ya dubi ɗansa. Shi ya sa ake yin gwaje-gwajen biyu ga kowa. Wadda mijinta ya rasu tana cikin wata huɗu da kwana goma, ana yi mata, amma da alama a takarda.

GDS-15 ba shi da tambayar kashe kai, don haka an ƙara ɗaya a ƙarshe, ba ta cikin maki. Tsoho ya ce ya shirya, Allah ya sa a cika da imani, wannan maganar yau da kullum ce. Abin da ake saurare shi ne "gara in mutu in huta", ko ƙin abinci da magani da gangan. Da an ji haka, a kira likitan tawaga kafin a bar gidan.

Talata, 6 ga Mayu

Tambayoyin mai kula na fama da kunya. Suruka ba za ta ce uwar mijinta ta rikice ba, ɗan da ke birni kuma, wanda ya fi kowa son amsawa, bai san abin da ke faruwa da dare ba. An tsayar: wanda ya kwana gida ɗaya da tsohon akasarin kwanakin mako, na aƙalla wata shida. An kuma cire kalmar "rikicewa" daga tambayoyin, aka koma kan aiki: yana karɓar canji daidai a kasuwa? Ta taɓa zuba gishiri sau biyu ko ta bar tukunya ta ƙone? Ya taɓa ɓata a hanyar masallacin da ya saba? Yana sake sallar da ya riga ya yi, ko jerin alwala na kuɓuce masa? Kowa na mantuwar raka'a, shi ya sa kowace tambaya ke ƙarewa da "fiye da shekarun baya". Inda aikin bai taɓa zama nasa ba, kamar girki ga namiji, a rubuta "bai shafe shi ba", kada a rubuta "ba ya iyawa".

Litinin, 19 ga Mayu

An fara auna daidaiton masu tambaya: ɗaya na tambaya, ɗaya na zaune yana ba da makinsa a ɓoye, za a yi haka ga mutum 30. Abin da ake nema kappa, wato ma'aunin yadda makin mutum biyu ya zo ɗaya, ta kai 0.8 a kowace tambaya, wadda ta gaza a sake horo a kanta. Saɓanin da aka gani zuwa yanzu ya taru ne a ashana, kan ko tsinken da ya ɗan karkace ya ci maki, da kuma amsar "to, da sauƙi" a GDS. An ɗauki hoton misalai shida na ashana, uku masu ci uku marasa ci, an manna a bayan faranti.

Maimaita gwaji ga mutum guda zai kasance bayan kwana 7 zuwa 14, mai tambaya ɗaya, lokaci ɗaya na yini. Ana sa ran makin kalmomi goma ya ɗan hau saboda an taɓa jin su, za a rubuta wannan a rahoto.

Ba za a taɓa iyakar maki, wato makin da daga shi ake cewa akwai alamar ciwo, ba sai an rufe tattarawa. Na asali, wato 5 zuwa sama a GDS-15 da 7 zuwa ƙasa a IDEA, suna nan a matsayin abin gwadawa kawai, kuma an hana masu tambaya gaya wa iyali sakamako da su. Bayan rufewa za a zana ROC, zanen da ke nuna yadda kowace iyaka ke raba masu cuta da marasa ita, a fitar da iyaka ga asibiti da ga unguwa, a duba haɗin kan tambayoyin GDS da lissafin KR-20 tunda e ko a'a ne, sannan a bi tambaya ta 9 da ta 15 ɗaya-ɗaya a ga ko suna aiki daban tsakanin maza da mata, da tsakanin masu karatu da marasa shi.

Kafin damina ta kankama a fara da ƙauyukan da hanyarsu ke yankewa, kuma a mayar da ziyarar maza bayan La'asar, domin da safe za su kasance a gona. Mako mai zuwa za a kai takardun ga masu karin harshen Sakkwato da Katsina su saurara, musamman jerin kalmomi goma da tambaya ta 4.